Yadda Ake Tafiya da Keken Jariri a Jirgin Sama

Iyayen da za su yi tafiyar farko da jariri sukan fara da tambayar, "Anya za a bar mu mu tafi da keken kuwa?" Za a bari. Kusan duk manyan kamfanonin jiragen sama suna ɗaukar keken jariri kyauta, ba sa lissafa shi cikin nauyin kayanku, muddin yaron yana cikin tafiyar. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da za ku rabu da keken da wurin da za a mayar muku da shi. Wanda bai tantance waɗannan wurare biyu ba kafin ya hau jirgi, shi ne za ku gani yana ratsa doguwar baranda da yaro mai barci a kafaɗa, jaka a wuya, fasfo a baki.

Hanya uku ce keke ke bi. Ko dai ku miƙa shi a kantar awon kaya tare da akwatunanku, ko ku tura yaro a cikinsa har bakin ƙofar jirgi sannan ma'aikata su karɓa su sauke shi rumbun kaya, ko kuma ku ninke shi ku shiga da shi ku sa a lokar da ke saman kujeru. Girman keken da nauyinsa su ke zaɓa muku hanya, shi ya sa aikin yake farawa daga gida.

Ku fara da awo

Ku ninke keken yadda zai kasance a filin jirgi, ku ɗauko tef ku auna tsawo da faɗi da kauri. Ku haɗa da tayoyi da mariƙi, domin su ne suka fi fitowa waje, su ne kuma ke hana keke shiga ma'aunin ƙarfen nan da ake ajiyewa a bakin ƙofa. Nauyi kuwa, ku hau ma'aunin gida riƙe da keken, ku sake hawa babu shi, ku cire. Ku rubuta lambobin a waya, da santimita da inci, da kilo da fam, saboda kamfanonin Amurka da inci da fam suke magana. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kilo ɗaya kuma kimanin fam 2.2.

To, da me za ku gwada? Jakar hannu a kamfanoni da dama ba ta wuce santimita 55 x 40 x 23. Ma'aunin da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daɗe tana ambata shi ne 56 x 45 x 25. Manyan kamfanonin Amurka irin su Delta da United da American Airlines suna tsayawa a inci 22 x 14 x 9, wato kusan santimita 56 x 36 x 23. Yanzu ku dubi keken YOYO, wanda ya yi suna da cewa yana shiga cikin jirgi: idan an ninke shi yana kai 52 x 44 x 18, nauyinsa kilo 6 da ɗoriya. Ya shiga ma'aunin IATA lafiya lau, amma faɗinsa na 44 ya zarce 40, balle 36. Sau da yawa akan bar shi ya wuce, amma ranar da jirgi ya cika maƙil, ma'aikaciyar bakin ƙofa tana da hujjar ta ce a sauke shi ƙasa. Rubutun da ke jikin kwalin keke cewa an amince da shi a cikin jirgi maganar mai sayarwa ce, kamfanin jirgi bai sa mata hannu ba. Ku kuma sani cewa a kamfanoni da yawa keken da ya shiga ciki yana cinye gurbin jakar hannu guda, kuma akwai masu taƙaita nauyin jakar hannu a kilo 7 ko 8.

Abin sha'awa, keken ninkewa irin na lema, wanda ya fi kowanne sauƙin tafiya, injiniyan jirgin sama ne ya ƙirƙiro shi. Owen Maclaren, Baturen Ingila da ya yi aiki a kan ƙafafun jirgin yaƙi na Spitfire, ya ga yadda 'yarsa ke fama da ƙaton keken jikarsa, sai ya ƙera wani da sandunan alminiyam a 1965, nauyinsa bai wuce kilo 3 ba. Wanda ya san yadda ƙafar jirgi ke naɗewa ta shige cikin fiffike ai ba zai rasa dabarar naɗe keke ba.

Ku karanta dokar kamfanin da zai ɗauke ku

Ku lura da kyau, na ce wanda zai ɗauke ku. Yakan faru ku sayi tikiti a hannun kamfani ɗaya, amma jirgin da ma'aikatansa na wani kamfanin ne da suke haɗin gwiwa. A jikin tikitin akwai ɗan layi da ke faɗin wanda zai tuƙa kowane zango. A bakin ƙofa dokar wannan ce ke aiki. In tafiyarku zango biyu ce ko uku, kowane zango ku duba nasa.

Dokokin sun sha bamban fiye da yadda ake zato. American Airlines ta taɓa sa dokar cewa keken da ya wuce kilo 9 a kanta ake miƙa shi, ba ya zuwa bakin ƙofa. British Airways da girma take aunawa: keken da ke ninkewa gaba ɗaya, wanda bai wuce santimita 117 x 38 x 38 ba, shi ake kaiwa har ƙofar jirgi. Ryanair da easyJet, duk da an san su da karɓar kuɗi a kan kusan kowace jaka, suna ɗaukar kayan jariri guda biyu kyauta ga kowane yaro, kamar keke da kujerar mota, ko keke da gadon tafiya. Kamfanoni kan sauya irin waɗannan ƙa'idoji, saboda haka ku buɗe shafin kamfanin a makon tafiya, ku ɗauki hoton wurin da aka yi maganar keke ku ajiye a waya. Idan gardama ta tashi, nuna wa ma'aikaci rubutun kamfaninsa cikin ladabi ya fi dogon bayani.

Akwai kekunan da ke buƙatar ƙarin tambaya tun kafin ranar. Keken tagwaye, da mai manyan tayoyi uku na masu gudun motsa jiki, da irin mai kama da amalanke da ake zuba yara biyu ko uku, galibi a kanta ake karɓarsu, wasu kamfanonin ma suna ɗaukar na amalanken a matsayin kaya na yau da kullum su caje shi. Keken da ke rabuwa gida biyu, ƙarfen daban kujerar daban, wani kamfani ya ƙirga shi abu ɗaya, wani biyu. Sai keken da ke da batir mai taimakawa wajen turi. Batirin litiyam da aka cire daga jikin na'ura ba ya shiga rumbun kaya, tare da ku zai zauna a cikin jirgi. Wanda bai wuce Wh 100 ba (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne) ana shiga da shi ba tare da neman izini ba, daga 100 zuwa 160 sai kamfani ya amince, abin da ya haura haka ba a ɗauka a jirgin fasinja. Lambar tana rubuce a jikin batirin.

Daren tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku cire duk abin da ke maƙale a jikin keken: mazaunin kofi, ƙugiyoyin rataya jaka, kayan wasa, ƙaramar fanka, gidan sauro, ledar ruwan sama. Duk abin da ke iya cirewa zai cire a hanya, ba kuma za ku sake ganinsa ba. Ku ɗauki hotunan keken a buɗe da a ninke, ta kowane gefe, musamman tayoyi da mariƙi da rumfa, har da lambar da masana'anta ta liƙa a jikin ƙarfen. In kuna da rasitin saye, shi ma ku ɗauki hotonsa. Ku rubuta suna da lambar waya a takarda ku liƙa a jikin ƙarfen, sannan ku ɗaura wani ƙyalle mai haske a mariƙi, domin baƙaƙen kekuna iri ɗaya sukan taru har biyar a bakin ƙofa.

Jakar saka keke tana da amfani. Ba za ta hana ƙarfe lanƙwashewa ba in an danne shi da akwati, amma tana kare shi daga maiƙo da ruwan sama da ƙura, tana kuma hana bel ɗin ɗaure yaro sarƙewa a jikin wani kaya. Idan ba ku da jaka, ku sami igiya ko bel ku ɗaure keken bayan kun ninke shi, saboda ɗan maƙullin roban da ke riƙe shi yakan saki in an jefa, kuma keken da ya buɗe a cikin rumbu shi ne ya fi karyewa. In keken a kanta za ku miƙa shi, ku cire tayoyin da ke cirewa ku sa a akwati, ku naɗe mariƙin da tsohon tawul.

Wani abu da ake rainawa: ku gwada ninke keken da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da yaro. Ku maimaita har hannu ya saba. A bakin jirgi mutum ɗari na bayanku suna jira, ba wurin koyo ba ne.

Ra'ayina a nan, in kuna da keke mai tsada na yau da kullum kuma kuna yawan tafiya, ku bar shi a gida ku nemi ɗan ƙarami mara nauyi na tafiya. Rumbun jirgi bai san tsada ba.

A kantar awo

Ko da kun riga kun karɓi katin shiga jirgi ta intanet, ku biya ta kanta in da hali. Ku gaya wa ma'aikacin kuna son tura yaro har bakin ƙofa. Zai ɗaura wa keken takardar nan mai gam da suke kira tag, ya ba ku ɗan guntunta mai lamba. Wannan guntun ku adana shi tare da fasfo, shi kaɗai ne shaidar cewa kun ba su keke. Keken da ke rabuwa biyu, kowane ɓangare ya sami tag nasa.

Sai ku yi tambayar da duk tafiyar ta rataya a kanta: "In mun sauka, a bakin jirgi za a ba mu, ko a wurin ɗaukar kaya?" Kamfanoni da yawa suna da tag na musamman, mai launi daban, wanda ke gaya wa masu sauke kaya su hauro da keken bakin ƙofa. In ba a ɗaura wannan ba, keken zai bi akwatuna. In kuna da yada zango, ku ƙara tambaya: tag ɗin na filin yada zangon ne ko na inda tafiya za ta ƙare? Ku karanta haruffa ukun da ke jikinsa, waɗanda ke nuna filin da za a sauke keken, da idonku. Idan an rubuta filin ƙarshe, to ku sa a ranku cewa wataƙila ba za ku ga keken a tsakiyar tafiya ba, ko da awa shida za ku zauna.

Wani lokaci sukan miƙo wata 'yar takarda ku sa hannu cewa kamfani ba zai ɗauki alhakin lalacewa ba. Ku karanta kafin ku sa hannu, kuma in an rubuta cewa keken ya zo da lahani alhali lafiyarsa ƙalau, ku ce a gyara.

Wurin bincike

Nan ba a daɗewa in an shirya. Za ku fito da yaro ko da barci yake, ku kwashe abin da ke cikin kwandon ƙasa da aljihuna ku zuba a tire, ku ninke keken ku ɗora a kan na'urar haska kaya. In ya fi ƙarfin bakin na'urar, jami'i zai duba shi da hannu. Yaron kuwa a hannunku za ku wuce da shi. Dokar nan ta mililita 100 da aka kafa tun 2006 a kan ruwan da fasinja zai shiga da shi cikin jirgi ba ta hana madarar jariri da nonon uwa da aka tatsa da abincinsa gwargwadon buƙatar tafiya, sai dai ku fito da su daban ku nuna. Filaye da yawa suna da layin masu iyali, ku tambaya.

Bakin ƙofa

Ku isa da wuri, ku je wurin ma'aikatan ƙofa kafin a fara kira. In ba a ɗaura tag a kanta ba, nan za a ɗaura. Ku sake yin tambayar ɗazu, domin su sun fi na kanta sanin irin jirgin da inda zai tsaya. Yawancin kamfanoni suna fara kiran masu ƙananan yara. In ku biyu ne, dabarar da na fi so ita ce ɗaya ya shiga da wuri da jakunkuna ya kama loka ya shirya wuri, ɗayan ya tsaya da yaro ya ƙara zagayawa har layi ya kusa ƙarewa. Yaro mai ƙiriniya ba ya buƙatar ƙarin minti talatin a ɗaure a kujera.

Kafin ku rabu da keken, ku sake leƙa kwandonsa. Magani, kwalbar madara, kunzugu, abin tsotso, waya, fasfo, duk akan manta su a nan, kuma da zarar keke ya sauka rumbu babu mai ɗauko muku shi sai an sauka. Ku ninke shi da kanku, kada ku bar wa ma'aikaci, saboda bai san maɓallinsa ba, zai danna da ƙarfi ne kawai. Ku kulle, ku ɗaure, ku tabbata tag yana waje ana ganinsa ko da keken yana cikin jaka. Idan ta gadar da ke haɗe da jirgi kuke shiga, a ƙarshenta ake ajiyewa, gefen ƙofa. Idan bas ce ta kai ku gindin jirgi, ku miƙa wa ma'aikacin da ke gindin matakala hannu da hannu, kada ku jingine shi ku hau.

Masu shiga da ƙaramin keke ciki, ku riƙe shi a ninke kamar jaka. Ba a tura yaro a tsakanin kujeru, ba a kuma buɗe keke a cikin jirgi don yaro ya kwanta. Wurin kwanciyar jariri shi ne ɗan gadon da ake maƙalawa a bangon da ke gaban wasu kujeru a jiragen dogon zango. Ba su da yawa, suna da iyakar nauyi da tsawo, kuma tun lokacin sayen tikiti ake nemansu. Jaririn da bai kai shekara 2 ba yana iya zama a cinya, babba ɗaya jariri ɗaya, kuma ba a zaunar da masu jariri a layin ƙofar gaggawa.

Sauka

Kafin jirgi ya fara gangarowa, ku tambayi ma'aikaciyar ciki inda za a ba da kekuna. In a bakin ƙofa ne, kada ku yi gaggawar fita, domin keken yakan ɗauki minti biyar zuwa goma sha biyar kafin ya hauro. Ku bari jama'a su ragu, ku fito ku tsaya gefe. Kada ku wuce cikin gini da niyyar dawowa, ba a komowa baya.

Ko da an ɗaura tag ɗin bakin ƙofa, wasu filayen ba sa hauro da keke, ko saboda tsarin tsaronsu ko don jirgin ya tsaya nesa da gini. A nan sai ku neme shi a bel ɗin akwatuna, in bai fito ba ku tambayi inda ake ba da manyan kaya, domin galibi ƙofarsu daban take a can gefe. Na taɓa tsayuwar kusan awa guda a gaban bel ina zargin wani kamfani da ɓatar mana da keke, ashe yana jingine a kusurwar manyan kaya tun kafin mu iso, shi da sandunan wasu masu wasan golf.

Wannan ne dalilin da ya sa jakar goyo ba ta barin jakar hannuna. Tsakanin ƙofar jirgi da wurin kaya akwai layin jami'an shige da fice, kuma a manyan filaye tafiyar kan yi nisa sosai. Sai dai lokacin tashi da sauka ma'aikata kan ce a fito da yaro daga jakar goyon a riƙe shi yadda dokar jirgin ta tanada. Wasu filayen suna ba da aron keke. Emirates tana ajiye irinsu kyauta ga fasinjojinta a filin Dubai. In kun samu ku ɗauka, amma lokacin cunkoso sukan ƙare.

In keken ya karye ko bai zo ba

Da zarar ya zo hannunku, ku buɗe shi a nan take. Ku tura shi gaba da baya, ku taka birki, ku duba tayoyi, ku ninke ku sake buɗewa. Lanƙwasar ƙarfe ba ta nunawa sai an tura. In kun ga matsala, ku ɗauki hoto da tag ɗin a jiki, kada ku cire shi, ku nufi ofishin kaya na kamfanin kafin ku fita ta wurin kwastan. Za su cike takardar rahoto da ake kira PIR su ba ku lamba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: wanda ya tafi gida ya dawo, abu na farko da za a ce masa shi ne ina shaidar a jirgi ya karye.

A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, yawancin ƙasashe suna ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a 2003. Ta ba ku kwana 7 daga ranar da kuka karɓi kaya ku shigar da ƙorafin lalacewa a rubuce, da kwana 21 in jinkiri ne. Kayan da suka wuce kwana 21 ba su zo ba ana iya neman diyyarsu a matsayin ɓatattu. Rahoton filin jirgi shi kaɗai bai wadatar ba a wurin kamfanoni da yawa, saboda haka ku bi shi da rubutaccen ƙorafi ta shafinsu ko ta imel cikin kwanakin, ku haɗa da hotunan daren tafiya da na bayan sauka, da guntun tag, da katin shiga jirgi, da rasiti. Iyakar diyyar kaya ga kowane fasinja ta koma SDR 1,519 tun ƙarshen Disamban 2024. SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Lamuni na Duniya, kuma wannan adadi yana kusan dala 2,000. Iyaka ce, ba abin da za a ba kowa ba. Asarar da kuka iya nunawa ake biya, kuma kamfani kan rage saboda tsufan keke. Yarjejeniyar ta kuma soke duk sharaɗin da zai wanke kamfani daga alhakin da ta ɗora masa, don haka takardar nan da kuka sa wa hannu a kanta ba ta rufe muku ƙofa ba, sai dai in lahanin daga keken kansa yake. Tafiyar cikin gida kuwa dokar ƙasar da sharuɗɗan tikiti take bi, kuma akwai kamfanonin da ke rubuta ƙarara cewa ba sa biyan lalacewar keke.

Kafin ku bar ofishin, ku tambaya ko suna da keken aro da za ku riƙe har a gyara naku ko a kawo shi. Wasu suna da shi a ɗaki, amma sai wanda ya tambaya suke fito wa da shi. In babu kuma dole ta sa kuka sayi wani ko kuka yi haya, ku ajiye rasitin ku haɗa shi cikin ƙorafin.